Farfesa Paul Rolland: Malamin Da Ya Shigar Da Ilmin Motsin Jiki Cikin Koyar Da Goge

Gabatarwa

Idan aka ambaci shehun malami a jami'a, abin da kan zo wa mai karatu a zuciya shi ne dattijon da ke tsaye gaban ɗalibai masu neman babban digiri, ko wanda ya duƙufa a ɗakin gwaje-gwaje tsakanin kwalabe da na'urori. Da wuya a kawo cewa farfesa zai kwashe shekara huɗu yana nazarin yadda yaro ɗan makarantar firamare ke ɗaga hannu, da yadda yake tsayuwa, da yadda yake riƙe ɗan sanda mai nauyin giram 60. To, wannan shi ne aikin da ya fito da sunan Farfesa Paul Rolland na Jami'ar Illinois da ke ƙasar Amurka, malamin biyolin, wato gogen Turawa.

Tambayar da ya sa gaba ita ce: me ya sa yara da yawa kan fara koyon goge da ɗoki, amma kafin a je ko'ina sai ka ga kafaɗa ta sandare, wuya ya ƙage, sauti ya ƙi daɗi, yaro ya jingine kayan kiɗan ya ce ba shi da baiwa? Shin laifin yaron ne, ko kuwa laifin yadda aka fara koya masa? Rolland ya ɗauki wannan tambaya a matsayin batun bincike, ya nemi amsarta a ilmin aikin sassan jiki. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa ta aiki, tare da bayanin kimiyyar da ya dogara a kanta.

Daga Budapest Zuwa Illinois

An haifi Paul Rolland a shekarar 1911 a Budapest, babban birnin ƙasar Hangare. Ya yi karatun kiɗa a Kwalejin Franz Liszt da ke birnin, inda ya zauna gaban wani mashahurin malami mai suna Imre Waldbauer. Shi wannan malami makaɗi ne na gaske, domin ƙungiyarsa ta mutum huɗu ce ta fara gabatar da wasu daga cikin ayyukan Béla Bartók. Amma abin da ya fi tasiri a kan ɗalibinsa shi ne ɗabi'arsa ta tambayar dalili: me ya sa hannu zai bi ta nan bai bi ta can ba? Irin wannan tunani yana da tushe a Turai tun 1903, lokacin da wani likitan sojan Jamus, Friedrich Steinhausen, ya wallafa littafi a kan yadda gaɓoɓin hannu ke aiki wajen jan izgar goge. Likitan ya soki malaman da ke koya wa ɗalibi motsa wuyan hannu shi kaɗai, ya nuna cewa hannu tun daga kafaɗa har yatsu abu ɗaya ne mai aiki tare.

A shekarar 1938, shekara ɗaya kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, Rolland ya isa Amurka tare da wata ƙungiyar makaɗa huɗu wadda yake kaɗa mata biyola, wato yayar biyolin mai ɗan girma da kaurin murya. Daga 1940 ya koyar a Kwalejin Simpson da ke Jihar Iowa, sa'an nan a 1945 ya koma Jami'ar Illinois, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa a 1978, shekara 33 ke nan.

Halin da ya tarar a makarantun Amurka ya sha bamban da wanda ya baro. A Budapest malami ɗaya kan zauna da ɗalibi ɗaya. A makarantun gwamnati na Amurka kuwa, yara ake tarawa aji guda, kuma sau da yawa malamin da aka ba su gwanin kayan busa ne, bai taɓa zurfafawa a goge ba. Ƙungiyoyin busa da ganguna sun mamaye makarantu, masu koyon kayan tsirkiya sai raguwa suke yi. Wannan damuwa ce ta sa aka kafa Ƙungiyar Malaman Kayan Tsirkiya ta Amurka a 1946. Rolland yana cikin waɗanda suka kafa ta, shi ne editan farko na mujallarta, kuma ya shugabance ta daga 1964 zuwa 1966. Ta wannan hanya ya san matsalolin malaman makarantu ciki da waje.

Me Ke Sa Tsirkiya Ta Yi Kuka?

Kafin a fahimci aikin Rolland, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa idan izga ta hau tsirkiya. Duk wanda ya taɓa kallon mai goge ko mai kukuma a ƙasar Hausa ya ga yadda yakan shafa ƙaro a jikin gashin wutsiyar dokin da ke izgarsa kafin ya fara kiɗa. Mai biyolin ma haka yake yi, kuma dalilin ɗaya ne. Ƙaro yana sa gashin ya kama tsirkiya ya ja ta gefe, har sai ta kuɓuce ta koma da sauri, sai gashin ya sake kama ta. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, shi ya bayyana wannan kamawa da kuɓucewa a littafinsa na 1863. A tsirkiya ta biyu ta biyolin, wadda makaɗa ke daidaita sauran da ita, abin yana faruwa sau 440 a cikin daƙiƙa ɗaya. A mafi kaurin tsirkiyoyin huɗu sau 196 ne, a mafi siranta kuwa kimanin sau 659.

Domin wannan kai-da-komo ya tafi daidai, dole abubuwa uku su dace da juna: saurin izga, da nauyin da aka ɗora mata, da nisanta daga jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. A 1973 wani injiniya Ba'amurke, John Schelleng, ya nuna da lissafi cewa nauyin yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. In ya wuce ta sama, sai a ji ƙara mai kama da ta ƙyauren da ya yi tsatsa. In bai kai ta ƙasa ba, sai sautin ya fito holoƙo, ba shi da jiki. Kuma gwargwadon yadda izga ta matsa kusa da jaki, gwargwadon yadda tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ke ƙuntata.

Hannun hagu shi ma yana da nasa aikin. Tsawon sashen tsirkiyar da ke karkarwa bai wuce santimita 33 ba, kuma babu wata alama a wuyan biyolin da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka. Tazarar da ke tsakanin sauti da wanda ke biye masa ba ta kai santimita 2 ba a can ƙarshen wuya, kuma in an kai tsakiyar tsirkiya takan ragu zuwa ƙasa da santimita 1. Kuskuren 'yan milimita ya isa kunne ya ji an kauce. Saboda haka ana bukatar hannuwa biyu masu aiki daban-daban, kowanne da awo mai tsanani, alhali kayan kiɗan yana ɗare a tsakanin haɓa da kafaɗa.

Tsoka Ba Ta Son Tsayuwa Wuri Ɗaya

Tsohuwar hanyar koyarwa takan fara ne da siffa. A ce wa yaro ya sa ƙafa nan, gwiwar hannu can, yatsu su lanƙwashe kaza, kada ya motsa. Akwai ma malaman da a da kan maƙala wa ɗalibi littafi a hammata domin kada damtsensa ya ɗaga. Bayan haka sai a tsare shi wata da watanni a wuri ɗaya na wuyan biyolin, yana jan gajeruwar izga.

Ilmin aikin jiki ya nuna illar wannan. Biyolin bai kai rabin kilo ba, amma hannun babban mutum, daga kafaɗa zuwa yatsu, yakan kai kilo 3 ko fiye, kansa kuma kusan kilo 5. Tsokar da aka bari a ɗaure tana riƙe da irin wannan nauyi ba tare da motsi ba takan matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta, jini ya ragu, gajiya ta zo da wuri. Mai karatu zai iya gwadawa: ya miƙe hannunsa gaba ya tsayar da shi cak na minti biyu, sa'an nan ya gwada lilo da shi na minti biyu, ya ga wanne ya fi ciwo. Bugu da ƙari, kowace gaɓa tana da tsokoki masu lanƙwasa ta da masu miƙe ta. Idan tsoro ko ƙoƙarin riƙe siffa ya sa duka biyun suka ɗaure a lokaci ɗaya, gaɓar takan sandare, kuma sandararren hannu ba ya iya auna nauyin da tsirkiya ke bukata.

Masanin Rasha Nikolai Bernstein, wanda aka buga littafinsa da Ingilishi a 1967, ya lura cewa sabon mai koyon kowace irin sana'ar hannu yakan kulle wasu gaɓoɓinsa domin ya rage wa ƙwaƙwalwa aiki, gwani kuwa yakan sake su su taimaki juna. Dubi mace gwanar daka. Ba da ƙarfin yatsu take aiki ba. Motsin yakan taso daga ƙafafu da ƙugu, ya bi ta baya zuwa kafaɗu, ta cilla taɓarya sama, ta bar nauyinta ya dawo da ita cikin turmi, har ta samu sukunin tafi a tsakani. Yarinyar da ke koyo kuwa takan ƙanƙame taɓarya, ta gaji tun hatsi bai surfu ba. Abin da Rolland ya nema shi ne hanyar da za ta kai yaro ga irin sakewar gwanar tun daga makon farko, maimakon a bar shi ya sandare tukuna, a zo ana warware shi bayan shekaru.

Binciken Illinois, 1966 Zuwa 1970

A 1966 Ofishin Ilmi na gwamnatin tarayyar Amurka ya ba da kuɗin gudanar da wani bincike a Jami'ar Illinois a ƙarƙashin jagorancin Rolland. Manufar ita ce a tsara darussan shekara biyu na farko bisa ƙa'idojin motsin jiki, a gwada su a kan yara cikin rukuni, a ɗauki sakamakon a fim. An koyar da yara a garin jami'ar, wato Urbana da Champaign, an kuma ba malaman wasu makarantu kayan aikin domin su gwada a azuzuwansu.

Rolland bai yi aikin shi kaɗai ba. Marla Mutschler, malamar biyolin, ta yi aiki tare da shi wajen koyarwa da rubutu. Dakta Frances Hellebrandt, likita masaniyar aikin tsoka da motsa jiki, ta rubuta bayani a kan yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin da mutum ya yi niyya. Shi kuma Stanley Fletcher ya tsara sababbin kiɗe-kiɗe gajeru, kowanne an gina shi a kan wani motsi da ake so yaro ya saba da shi, domin kada aikin ya zama atisaye maras daɗi.

A 1974 aka fitar da littafi da jerin finafinai fiye da goma masu suna The Teaching of Action in String Playing, ma'ana koyar da motsi a kiɗan tsirkiya. Zaɓen fim yana da hikima. Littafi yana iya ɗaukar hoton hannu a tsaye, amma ba ya iya nuna tafiyarsa, kuma hoton tsaye shi ne ainihin abin da ke jawo sandarewa. Malamin ƙauye da bai taɓa zuwa Illinois ba zai iya kallon yara irin nasa suna yin abin, gani kuwa ya kori ji.

Kaɗan Daga Cikin Darussan

Darasin farko tsayuwa ce. Yaro zai buɗe ƙafafu, gwiwoyi a sake, ya riƙa mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan yana bin kiɗa. Domin ƙarfafa bayansa da kafaɗunsa, akan sa shi ya ɗaga akwatin biyolin yana tafiya da shi. Akan kuma sa shi ya ɗaga biyolin sama da hannun hagu, kamar yadda mutum-mutumin 'yanci na birnin New York ke riƙe da fitila, kafin ya sauko da shi kan kafaɗa. Ta haka kayan kiɗan ne ke zuwa wurin jiki, jiki ba ya duƙawa ya tarye shi.

Kafin yaro ya fara danna tsirkiya, hannun hagu zai riƙa zirga-zirga daga ƙarshen wuyan biyolin zuwa tsakiya, zuwa can kusa da fuska, yana fizgar tsirkiyoyi da ƙananan yatsu kamar mai kaɗa garaya. Amfanin wannan biyu ne: ƙaramin yatsa, wanda ya fi kowanne rauni, yana samun ƙarfi, kuma hannu ba ya sabawa da ƙanƙame wuri ɗaya. A tsohuwar hanya, sauya wurin hannu da girgiza yatsa domin sauti ya yi rangaji abubuwa ne da ake jinkirtawa sai bayan shekaru. Rolland ya shuka irinsu tun watannin farko, ta hanyar ƙwanƙwasa da lilo da zamiya, ko da yake ba a sa ran girbi sai daga baya.

Hannun dama kuma yana fara koyon tafiyarsa tun babu izga. Yaro zai fizgi tsirkiya da yatsa ya bar hannun ya tashi sama ya yi da'ira ya dawo, jikinsa yana ɗan karkata. In an ba shi izga, ba a can gindinta zai fara riƙewa ba. Zai kama ta kusa da inda nauyinta ya rabu biyu daidai, inda ba ta rinjayar yatsu, sa'an nan a riƙa matsar da hannun baya sannu a hankali. Wani lokaci akan zura izgar cikin ɗan bututun kwali da aka riƙe a kafaɗa, yaro ya yi ta ja da turawa ba tare da fargabar mummunan sauti ba. Rolland ya kuma lura cewa a doguwar ja mai sauri, jikin gwani yakan karkata zuwa kishiyar inda izga ta nufa domin ya daidaita nauyi, a ja mai nawa kuwa yakan bi ta. Wannan ma ya sa shi cikin darasi.

Ƙa'idar da ta ɗinke duk waɗannan ita ce a fara da manyan motsi kafin ƙanana, kuma manyan gaɓoɓi su ja gaba, ƙanana su biyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a ra'ayin Rolland tanƙwarar da ta dace ita ce wadda za ta bar iccen yana iya kaɗawa.

Rolland Da Suzuki

A daidai wannan zamani wata hanya ta shigo Amurka daga Japan. Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya kawo ayarin yaransa a 1964, suka ba malaman Amurka mamaki. Hujjar Suzuki ita ce kowane yaro yana koyon harshen uwarsa ta hanyar saurare da maimaitawa, saboda haka zai iya koyon kiɗa ta wannan hanya in an fara tun yana ɗan shekara uku ko huɗu, iyaye kuma suna cikin aikin. Mutanen biyu sun haɗu a kan cewa baiwa ba ta wasu 'yan ƙalilan ba ce. Inda suka bambanta shi ne ƙofar da kowa ya shiga: Suzuki ya fi ba kunne da tarbiyyar gida muhimmanci, Rolland kuwa ya fi duban jiki da ajin makarantar gwamnati, inda yaro kan fara a makare kuma malami ɗaya ke fama da yara da yawa. Malamai da dama sun haɗa hanyoyin biyu, daga cikinsu akwai Farfesa Mimi Zweig ta Jami'ar Indiana.

Abin Da Ya Biyo Baya

Aikin ya tsallaka teku tun Rolland yana raye. A 1976 wata malama 'yar Ingila, Sheila Nelson, ta je Amurka ta yi nazarin hanyarsa. Da ta koma, ta jagoranci wani shiri a unguwar Tower Hamlets da ke gabashin Landan, ɗaya daga cikin unguwannin marasa ƙarfi, inda aka riƙa koya wa aji sukutum kayan tsirkiya ba tare da an tace masu baiwa ba.

Bincike na baya kuma ya nuna girman matsalar da ya hango. A 1988 aka wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa makaɗa fiye da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka, inda kashi 76 cikin ɗari suka ce sun yi fama da wata larura mai tsananin da ta shafi aikinsu. Ciwon wuya da kafaɗa da baya suna cikin waɗanda suka fi yawa, musamman ga masu kayan tsirkiya. Wannan ƙidaya ba ta auna hanyar Rolland ba. Abin da ta tabbatar shi ne cewa yadda makaɗi ke amfani da jikinsa batu ne na lafiya da na abinci. A 1995 kuma Thomas Elbert da abokan aikinsa suka bayar da rahoto a mujallar Science cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke wakiltar yatsun hannun hagu ya fi faɗi a wurin masu kiɗan tsirkiya, kuma bambancin ya fi girma ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana. Wato abin da yaro ya yi ta maimaitawa a shekarun farko yana barin sawu a ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ingancin darasin farko yake da nauyi.

Ya kamata a faɗi iyakar aikin. Auna hanyar koyarwa ya fi auna maganin zazzaɓi wuya, domin ƙwarewar malami da himmar iyaye da halin yaro duk suna shiga cikin sakamako, kuma yaran da ke cikin finafinan sun samu malamai na musamman. Duk da haka, Rolland ya yi abin da kaɗan daga malaman goge suka yi kafinsa: ya bayyana dalilin kowane darasi a fili, ya gwada shi a kan yara na gari, ya ajiye shaida inda wani zai iya dubawa ya yarda ko ya musa.

Kammalawa

A al'adar kiɗa ta ƙasashe da yawa, sanin gwani yana zaune ne a hannunsa, almajiri ya ɗauki abin da idonsa ya iya kamawa, saura kuma ya bi malamin kabari. Rolland ya rasu a watan Nuwamba na 1978, shekara huɗu kacal bayan fitowar littafinsa, amma har yanzu ana horar da malamai da darussansa da finafinansa. Darasin da ke cikin rayuwarsa ya wuce fagen kiɗa. Duk inda ake koya wa yaro aikin hannu, ko riƙon alƙalami ne ko ɗinki ko sassaƙa, akwai tambayar da ta cancanci masu bincike su tsaya a kanta: wane motsi ake so jiki ya saba da shi, kuma wane mataki ya kamata ya zo farko? Farfesan da ya sauko ajin masu fara koyo domin amsa wannan tambaya bai rage wa kujerarsa daraja ba, domin abin da aka gina a shekara biyun farko shi ɗalibi zai ɗauka har tsufansa.